Kafin Mota Ta Zo Ɗaukar Oben

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakiyar rana, furen da ya buɗe mini a lambun da ban shuka ba. Zuwa ga wadda mutanen gidansu ke kira Auta, ni kuwa nake kira sarauniyar raina.

Ina miƙo miki gaisuwa mai yawan ganyen bishiya a tsakiyar damina, mai taushin iskar da ke biyo bayan ruwan sama. Ba zan ce ina fatan takardar nan ta same ki lafiya ba, domin na san ba lafiya kike ba, kuma ban taɓa yi miki gaisuwar ƙarya ba. Ni ma ba lafiya nake ba. Tun ranar da Umma ta tare ni a bakin ƙofarku, idonta a ƙasa, ta ce, "Mai Sanyi, ka yi haƙuri ɗana, ta ce kada ka sake zuwa," ban ƙara sanin ɗanɗanon abinci ba. Wayarki a kashe, tagarki a rufe, labulenki ko motsi ba ya yi. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, na roƙi Umma ta tura miki ta ƙarƙashin ƙofa. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga, domin gobe da hantsi akwai abin da zai faru a gidanku, kuma ke kaɗai ce za ki iya tsayar da shi.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa, ya muradin zuciyata? Rana ce mai zafi kamar an buɗe bakin murhu. Aka kira ni a shago aka ce wani firiji ya mutu, mai shi tana neman ta yi kuka. Na ɗauko jakar kayan aikina na zo ina gumi. Umma ta bi da ni ta siririn lungun nan zuwa ɗan kicin ɗinki na bayan gida, mai taga ɗaya da kanta cike da gwangwanaye. Na tarar da ke tsugune gaban firiji kina yi wa robobin aiskirim fifita da murfin kwali, kamar uwa a kan ɗanta mai zazzaɓi. Ko kallona ba ki yi ba. Cewa kawai kika yi, "Malam, in ka ceto mini waɗannan, ka ceci mutuncina." Na kwanta a ƙasa na canza abin da ya ƙone, injin ya ɗauki gurnani, sai a lokacin kika ɗago kika dube ni. Wayyo ni! Da na san kallo na iya kayar da namiji haka, da na riƙe bango tun da wuri.

Kika ɗebo aiskirim ɗin a cokali kika miƙo mini. Launinsa kamar ƙasar da ta sha yayyafi. Na sa a baki. Sanyi ya fara zuwa, zaƙi ya biyo shi, sannan wani ƙamshi ya taso ta bayan maƙogwaro ya cika mini kai, kamar ɓawon lemo, kamar hayaƙin itace daga nesa, kamar fure da sassafe. Na ce, "Wannan mene ne?" Kika ce, "Shayi." Na ce, "Shayi a cokali?" Kika yi dariyar nan taki, kika ce, "Kai dai ka iya sanyaya ƙarfe, amma harshenka bai je makaranta ba."

Gaskiya kika faɗa. Ni da na san shayi abu ne da ake tafasawa har ya yi baƙi kamar tsohon man inji, a zuba masa sukari har cokali ya tsaya, a kurɓa a tsaye a koma aiki. Ke kika sa harshena a makaranta. Daga ranar firijinki bai sake hutawa da ni ba. Yau na zo duba robar ƙofa, gobe na zo sauraron ƙarar inji, jibi na ce na manta sukundireba. Har Umma ta ce, "Oh ni, wannan firiji ya fi ni ganin likita!" Ita ta raɗa mini Mai Sanyi, sunan ya bi ni har shago. Firiji lafiyarsa ƙalau, gimbiyata. Mai gyaran ne ya lalace.

A kan wannan ɗan benci na bakin ƙofar kicin, Umma tana daga gefe tana tsintar shinkafa, na koyi abin da ban taɓa zaton akwai shi a duniya ba. Na ga yadda kike buɗe gwangwanin baƙin shayin nan mai dogayen ganye, ki rufe ido, ki shaƙa, fuskarki ta washe kamar wadda aka yi wa albishir. Na ga yadda kike ɗora madara a wuta, ki jira gefenta ya fara rawa, ki sauke kafin ta tafasa, ki watsa ganyen, ki rufe. Kika ce mini shayi kamar baƙo mai kunya ne, in ka matsa masa da wuta sai ya ɓata rai ya yi bauri, in ka ba shi wuri mai ɗumi ka ƙyale shi, sai ya saki jiki ya ba ka duk abin da ya zo da shi. Na tambaye ki minti nawa ake barinsa. Kika ce, "Agogo na ma'aikatan ofis ne. Ni hancina ke gaya mini." Na ga kin daka ganyen ya yi laushi kin murza shi cikin bota don biskit, har ɗigo-ɗigon baƙi ya fito a jikinsa kamar taurari. Na ga kin jiƙa kek da ruwan shayi mai sukari yana fitowa daga oben da zafinsa. Na ga kwastad mai santsi da aka tace ta mataci sau da sau, na ga jug ɗin shayi mai sanyi da yankan lemon tsami da ƙanƙara, wanda ma'aikatan jinyar asibitin unguwa ke layi a kansa in sun tashi aiki. Duk lungun nan ƙamshinki yake yi. Ko makaho aka saki a bakin titi, da hancinsa zai kawo kansa ƙofarku.

A cikin wannan ƙamshi na ce ina son ki. A cikinsa kika sunkuyar da kai kina goge tiren da ya riga ya bushe, kika ce, "Ka je ka gaya wa Yaya." A cikinsa Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce ya amince. Wa ya kai ni sa'a a ranar? Tsuntsu a sama ma sai da na ji tausayinsa, don bai san daɗin da nake ji ba!

Sai zazzaɓin nan ya zo ya kwantar da ke, da mura mai nauyi. Muka yi ta addu'a har kika miƙe, kika koma kicin, kowa ya ce alhamdulillahi. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Na lura kin rataye agogo a bangon kicin, ke da kika ce na ma'aikatan ofis ne. Na lura kin daina rufe ido in kin buɗe gwangwani. Na lura komai kika haɗa sai kin miƙo mini kin ce, "Ya ka ji?" kina kallon bakina kamar mai jiran hukunci. Rannan tiren biskit ya ƙone ƙurmus kina tsaye kusa da shi, sai da Umma ta ƙwalo kira daga tsakar gida. Na ɗauka gajiya ce. Na ɗauka tunanin hidimar bikin da ke gabanmu ne. Ashe ke kaɗai kike ɗauke da dutse a ƙirji, kina murmushi a kansa. Ashe duniya ta zame miki hoto, kina ganin tururi yana tashi amma ba ya ce miki komai. Kaico, abar ƙaunata! Ya kika iya? Ya kika kwana kika tashi da wannan ke kaɗai, ina zaune a kan benci ina lasar cokali ina yabo?

Yanzu bari in zo ga ranar da ba na son tunawa, ranar da kullum nake sake ganinta.

Da la'asar ne. Ina shigowa lungu na ji shi. Mu da muke aiki da tukwanen gas mun san warin nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Kowane taku na yi, ƙaruwa yake. Na ƙara sauri. Na hango tagar kicin a rufe saboda iska. Na hango ki ta ƙofa, kin juya baya, kina 'yar waƙarki a hankali, tiren kek a jere a kan tebur, kwalin ashana a hannunki na hagu, tsinke a na dama. Kin riga kin ɗora kan tsinken a jikin kwalin.

Ban yi sallama ba. Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Na san dai na doke hannunki, ashana ta watse a ƙasa, na fizgo ki waje har wuyan hannunki ya bugi ƙofa. Na koma ina riƙe da numfashi na rufe kan tukunyar, na banka taga. Sannan na dawo waje. Umma ta fito da gudu ba ɗankwali, Yaya ya fito daga ɗakinsa, maƙwabciyarku mai ɗinki ta leƙo da almakashi a hannu. A gabansu duka, da muryar da ban taɓa ɗaga miki ba, na daka miki tsawa na ce, "Ke ba ki da hanci ne?"

Kina riƙe da wuyan hannunki, kika dube ni, ba kuka, ba fushi. Kika ce a hankali, "Ba ni da shi."

Magana zarar bunu ce. Da ana mayar da ita, da na bi ta da gudu na haɗiye ko da za ta shaƙe ni. Asirin da kika yi ta rufewa da tafin hannunki, ni na yaye shi a tsakar gida, a gaban baƙuwa. Tsoro ne ya yi magana da bakina, hasken raina. A cikin ƙiftawar ido na ga lungun nan ya zama toka, na ga duniya babu ke a cikinta, sai harshena ya kuɓuce. Ba na neman ki ce ban yi laifi ba. Ina neman ki yafe. Amma ki sani, ko yau aka mayar da ni bakin ƙofar nan, zan sake doke hannun, ko da za ki shekara ba ki dube ni ba. Gara ki ƙi ni kina numfashi.

Kin san abin da ya biyo baya. Yaya ya sa kwaɗo ya kulle kicin a ranar. Ya ce za a sayar da oben da tukunyar gas, ke kuma ki tafi wurin Goggo ki huta. Ke kuma kika aiko mini ta bakin Umma cewa kin sawwaƙe mini, wai bai kamata namiji ya auri macen da wuta za ta kama a kan 'ya'yanta ba ta ji ƙauri ba. Wa ya ce miki nauyi nake ji, balle ki sauke mini? Yaushe ƙasa ta taɓa cewa ruwan sama ya yi mata nauyi? Hancinki na ce ina so, ko ke? Idan wata ya shiga gajimare, sai a ce sama ta sake shi?

Bari in ba ki labarin abin kunyar da na yi, ko za ki yi murmushi. Da kewa ta ishe ni, na sayi irin ganyen shayinki, na ari oben ɗin matar yayana, na ce zan yi kek ɗinki. Ni da hancina lafiya lau, yana jin warin waya mai ƙonewa daga ƙetaren titi. Na tafasa madarar har ta yi ambaliya, na bar ganyen a ciki na tafi neman ƙwai. Abin da ya fito daga oben ɗin, da za a samu irinsa da yawa da an yi katanga. Ga tauri, ga bauri mai ɗaure harshe. Na kai shago, abokin aikina ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, ya ce, "Ajiye mana shi, ma riƙa tokare ƙofa." To ki duba. Ni mai hanci na yi bulo. Ke kuwa duk tsawon lokacin da kike ɓoye ciwonki, kek ɗinki bai canza ba. Na tambayi babbar ma'aikaciyar jinyar nan mai tabarau, wadda ba ta iya ɓoye magana. Ta ce, "Wallahi ban ji bambanci ba, kuma ka gaya mata yaran ɗakinmu sun dame ni da tambayar ina shayi mai sanyi." Sanin yana hannunki, yana idonki, yana kunnenki da ke jin lokacin da madara ta fara raɗa a gefen tukunya. Zazzaɓi bai taɓa waɗannan ba.

Na kuma tambaye ta game da ciwon. Ba zan yi miki daɗin baki ba, yadda ta faɗa haka zan faɗa. Ta ce wasu yana dawo musu da wuri, wasu a hankali kamar tsiron da ke fasa ƙasa, wasu kuma ba ya dawowa duka. Ta ce ki zo ki ga likita, kada ki zauna a ɗaki kina yanke wa kanki hukunci, kuma akwai masu samun sauƙi in suna shinshina abubuwa masu ƙarfin ƙamshi safe da yamma. Ban zo miki da alkawarin zai dawo ba, wannan na Allah ne. Alkawarin da ke hannuna shi zan ɗauka. In ya dawo, mu yi murna tare. In bai dawo ba, ga nawa. Zan tsaya a gefenki in ce miki, yanzu ƙamshin lemon ya taso, yanzu ya fara nauyi, tace shi. Zan koyi kalmomin da zan riƙa fassara miki kowane tururi har ki gan shi da idon zuci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ga hannu na biyu yana roƙo a ba shi gefe ya kama.

Jiya na je wurin Yaya a wurin aikinsa. Kin san ba ƙaramin abu ba ne a tunkari mai aikin kashe gobara da maganar gas, kuma a kan ƙanwarsa. Na same shi yana naɗe tiyon ruwa a bayan jar motarsu. Ko amsa gaisuwata bai gama ba ya ce, "In maganar kicin ce, koma." Na ce, "Yaya, ka ba ni dama in nuna maka abu biyu." Na fito da guntun tiyon gas ɗin da Umma ta bari na ciro ta taga. Ɓera ne ya ci shi ta bayan oben, inda ido ba ya kaiwa. Na ce ko mai hanci goma ne, in barci yake yi, da haka za ta faru. Ya juya tiyon a hannunsa, ya ce, "Kai ka taɓa ɗauko mutum daga kicin da ya ƙone? Ni na ɗauko. Ba zan ɗauko Auta ba." Muryarsa ta karye a kan sunanki. A nan na gane ba mugunta ce ta sa shi kulle ƙofar nan ba, irin tsorona ne, nasa ma ya girmi nawa.

Sai na fito da abu na biyu, 'yar na'ura kamar tafin hannu, wadda ake maƙalawa a bango, da ta ji gas ko kaɗan sai ta tsala ihu. Ya san ta sarai, ya fi ni saninta. Ya kai ta bayan ofis ya gwada da kansa, ta ƙwala ƙarar da ta sa abokan aikinsa suka fito da gudu. Na ce zan sa bututun ƙarfe a madadin na roba, in fitar da tukunyar waje in gina mata keji, in buɗe wata tagar a sama wadda ba a rufewa. Ya miƙo mini na'urar, ya koma naɗe tiyonsa. Can ya ce, "Na riga na yi magana da mai gidan burodi, jibi zai turo mota. Amma in ta fito da ƙafarta, ta dube ni ta ce tana son kicin ɗinta, zan ba mutumin haƙuri. Ni ba zan roƙe ta ba. Kai ma kada ka kuskura ka taka ƙofar ɗakinta."

Jibin nan ita ce gobe, sanyin idona.

Ga kuma abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun safe. Mai gidan burodin, da yake ni ke gyara masa firiji, kuma bai san komai a tsakaninmu ba, ya aiko yau cewa in bi motarsa gobe in kwance masa wani oben da ya saya. Na so in ce a'a. Sai na tuna in ban je ba, wani zai je, wanda zai ja shi a ƙasa kamar tsohon ƙarfe, bai san hannun da ya goge shi kullum ba. Na ce to.

Don haka gobe da hantsi za ki ji tsayuwar mota a bakin lungu. Za ki ji Yaya yana buɗe kwaɗo. Za ki ji takun da kika sani, ni ne. Zan durƙusa a bayan oben ɗinki in ɗora sifana a kan noti. Sifana hanya biyu gare ta, ɗaya ta kwancewa, ɗaya ta ɗaurewa, kuma a jakata akwai sabon bututu da na'urar nan. Zan yi aikin a hankali, a hankali ƙwarai, har direba ya fara tsaki. Zan goge abin da ba ya buƙatar gogewa, in nemi abin da bai ɓace ba. Amma ba zan iya jan lokaci har abada ba. Daga ƙofar ɗakinki zuwa ƙofar kicin ba nisa, na san kuma a wurinki ya fi tafiyar wata. Ba sai kin yi mini magana ba. Ba sai kin dube ni ba ma. Yaya za ki duba, ki ce kina so. Ki fito don kanki, ko da ni ba ki yafe mini ba tukuna.

In kuwa ƙofarki ba ta buɗe ba, zan kwance shi da hannuna, in naɗe shi da bargo kada ya ƙuje, in ɗora shi a mota. Sannan in tambayi Umma wace mota ke zuwa garin Goggo. Domin kayan kicin ne kawai Yaya ya sa a kasuwa. Ni ba a sayar da ni ba, ba a kuma kwance ni.

Naki jiya, naki yau, naki a duk yadda gobe ta zo, mai riƙe da amanarki har ranar da numfashi zai ƙare,

Mai Sanyi